Gonar da Ka Ƙi Cinna wa Wuta

Kontagora, bayan kaka.

Zuwa ga Moses, ƙaunataccena, inuwar ɗorawata a tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasata, sanyin idona, kuma ciwon kaina tun da aka gama girbi.

Salama a gare ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Na rubuta salamar ce domin haka aka tarbiyyantar da ni, amma kada ka ɗauka akwai ta a zuciyata. Babu ita. Da za ka leƙa ƙirjina yanzu, da ka ga garwashi irin wanda ake gasa masara a bakin tasha. Makon nan allurar keken ɗinki nake ta karyawa kamar an aiko ni. Na ɗinka wa wata mata hannun riga a juye, ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce mata lafiyata lau, wani bawan Allah ne can wajen Sahon Rami yake neman kashe ni da tsoron Allahnsa. Da na kira ka a waya, amma na san tungarmu, sai ka hau tudun bayan majami'a kafin magana ta shiga. Ban da haka, muryarka tana sa ni laushi, ni kuwa yau ba na son in yi laushi. Saboda haka ka sami wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Ka san abin da ka yi, amma bari in maimaita maka shi, ko ka gan shi a rubuce ka ji yadda yake a kunnen mai hankali.

Da daminar nan aka kashe yayana Obed a hanyar gona. Wasu mutane da bindigogi a kan babura suka tare shi, suka bar mana gawarsa a gefen masara, har yau ba wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu. Kai ka ɗauko shi a kafaɗarka. Kai ka haƙa kabarinsa har tafin hannunka ya fashe. Da aka share makoki maza suka taru a gindin mangwaron mai unguwa, Kirista da masu bin gargajiya, bakinsu ya zo ɗaya: bana ba saniyar da za ta ɗanɗana karan tungarmu. Da can, in an kwashe dawa, mu da kanmu muke kiran makiyaya su sauka a gona, shanu su ci kara da ragowar ganyen wake, su bar mana taki. Haka kakanninmu suke yi tun suna Rijau, kafin neman ƙasar noma ya kawo mu nan. Bana aka ce a'a. Duk wanda ya kai dammunansa rumbu, ya koma ya cinna wa gonarsa wuta, gara ta zama toka da a ciyar da dabbar mutumin da ba mu san wa ke kwana a bukkarsa ba. Kana wurin, Moses, ba ka ce uffan ba.

Ranar ƙuna kowa ya fita. Hayaƙi ya rufe tunga har mata suka kwashe shanya. Kai ma ka fita da ashana a aljihu kamar kowa, ka isa bakin gonarka, ka durƙusa, ka tashi, ka mayar da ashana inda ka ciro ta, ka juyo gida. Kuma kamar hakan bai isa ba, washegari ka hau keke har bayan Zugurma, ka nemo Bappa, tsohon makiyayin nan da ɓarayin daji suka kore wa garke suka bar shi da 'yan ramammun shanu, ka ce ya kwaso iyalinsa su sauka. A ina? A gonar da ka auna mana filin gida! A gefen tubalin da ka buga domin ɗakina!

Ba ma daga bakinka na fara ji ba. Matan tungarmu da suka kawo waken suya kasuwar Kontagora su suka tsaya a ƙofar shagona, suna yi mini sannu irin wadda ake yi a gidan rasuwa. Wata ta ce ko wani abu aka ba ka ka sha, wata ta ce ai da nono aka saye ka, wata kuma ta ce ita tun da can ta san shirun nan naka ba na lafiya ba ne. Rigar aurena tana rataye a bayansu, saura in kafa mata maɓallai. Na yi murmushi, na ba su ruwa, na raka su bakin titi, na dawo na rufe ƙofa na ciji gefen zanena don kada maƙwabta su ji kukana.

Da ka zo kuma, ka tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu kamar ɗan makarantar da ya makara. Na tambaye ka dalili. Na zaci za ka ce taki kake so, in ce maka akwai na buhu a kasuwa. Na zaci za ka ce ka bincika ka tabbatar Bappa ba shi da hannu a komai, ko kuwa ya taɓa yi wa gidanku wani alheri. Da ka ba ni dalili, ko gurgu ne, da na san ta inda zan rushe shi. Amma ka dubi ƙasa ka ce, “Alice, ni ma ban gane ba. Na durƙusa ne kawai, sai na ji a raina an ce kada in ƙone, in kira su. Ba zan iya yi kamar ban ji ba.” Iyakar jawabin ke nan. Ko ruwan da na ba ka ba ka shanye ba.

An ce! Wa ya ce? Ashe Allah yana magana a tungarmu? To ina muryar nan take da safiyar da Obed ya rataya fartanya ya fita? Kalma ɗaya ta isa: zauna. Ciwon ciki ma da ya isa, ko tayar keke ta sace. Wanda ya iya tsayar da hannunka saboda kara, busasshen kara, abincin saniya, me ya hana shi tsayar da ƙafar yayana? Na yi wannan tambayar a zuciyata ana tsakiyar sujada, na yi ta a kan keken ɗinki, na yi ta ina wanke-wanke, ba wanda ya tanka mini. Kai kuwa ko tambaya ba ka yi ba aka ba ka amsa. Ina jin haushinka, Moses, kuma, Allah ya gafarta mini, ina jin haushin wanda ya aike ka.

Ka taɓa zama ka yi tunani irin na mutumin da ke da kai a wuya? In saniya ɗaya ta tsinke ta faɗa rogon maƙwabci, wa zai tare samarin tunga? In gobe aka sake tare wani a hanya, ƙofar wa za a fara bugawa? In ya zamana cikin masu zuwa gaishe da Bappa akwai wanda ya san wanda ya harbi Obed fa? Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba, kai da bakinka ka ce ba ka gane ba. Abokanka da kuka yi gayya tare sun daina amsa gaisuwarka. Bencin da kake zama a majami'a ya zama naka kai kaɗai, har akuya za ta iya miƙe ƙafa a kai. Fasto ma, da ya shekara yana yi mana wa'azin ƙaunar maƙiyi, da aka kai masa maganar cewa ya yi a bi a hankali. Ka fi fasto ne? Ko kai kaɗai aka bar wa kunne a duk ƙasar Mashegu?

Laifina ne ma, da na ga alama tun da wuri ban gudu ba. Shekarar da tsuntsaye suka sauka wa dawa da safiyar Lahadi, maza suka bar sujada suka ruga gona da gwangwanaye, kai ka zauna daram ka ƙarasa waƙa da tsofaffin mata. Ba wani abin al'ajabi da ya faru, tsuntsaye suka ci taka fiye da ta kowa, ka yi shekarar kana auna tuwo. Ni kuwa, wawuya, na koma gida ina ce wa ƙawayena ga namiji. Ban san abin da nake yabo wata rana a kaina zai sauka ba.

Ga kuma Baba. Baba Audi bai ɗaga murya ba, ka san ba ya ɗagawa. Aika wa fasto ya yi cewa a dakatar da sanarwar aurenmu, wadda aka riga aka fara karantawa, har sai an ga hayaƙi ya tashi daga gonarka, bukkokin nan kuma sun bar wurin. Ya ce ba zai ba da 'yarsa gidan da ake kiwon shanu a kan jinin ɗansa ba. Mama ta tuna masa da noman da ka yi masa damina bayan damina, kamar yadda al'adarmu ta ɗora wa mai neman aure. Ya ce gumin naka ka ɗauka kyauta ka ba ƙasa.

Ka tuna da noman nan kuwa, ya abin begena? Ni ban manta ba. Daminar farko da ka zo gonar Baba da samarin gayyarka, siriri da kai, garma ta kusa fin ka nauyi. Na kawo kunu a kaina, na sauke a gindin ɗorawa, na yi kamar ban san don wa aka taru ba. Obed ya kama kunyar noma kusa da taka, yana gaba yana waiwaye, yana shaida wa jama'a wai ba zai ba da ƙanwarsa ga mutumin da tururuwa ke riga kaiwa ƙarshen gona ba. Kowa ya yi ta dariya. Amma ni daga gindin itace ina gani: duk sanda ka tsaya share gumi, sai ya tsallako ya ja maka taka kaɗan, ya koma tasa kafin Baba ya juyo. Da aka tashi shan kunu ka karɓi ƙwarya da hannu biyu, tafinka duk ya saɓule, ka sha, ka ce ba ka taɓa shan mai daɗinsa ba, alhali don rawar jiki na manta ban sa tsamiya ba. Obed ya tofar da nasa ya ce lallai wannan yaron ya kamu. Ranar na san na shiga uku da ƙaunarka, har yau kuma ban fita ba.

Ranar ce kuma ka kwaso abin da ya jawo mana wannan tashin hankali. Baba ba ya barin kowa ya sa ƙarfe ko wuta a gonarsa sai an durƙusa a bakin iyaka. Addu'arsa guda ce, gajeriya, da Dukanci, yarenmu, tun muna yara muke yin ta har gwiwoyinmu suka haddace: Ubangiji, ga hannuna, ga aikin; in naka ne ka sa albarka, in ba naka ba ne ka karɓe shi daga hannuna. Samarin gayya don ganin idon tsoho suke durƙusawa, suna ƙifta wa juna ido. Kai kuwa, sarkin ɗaukar abu da gaske, ka naɗe ta ka kai gonarka. Mu da muka gaji addu'ar, faɗinta muke yi kamar yadda ake cewa sannu da aiki. Ba mu taɓa zaton wata rana za a karɓe ɗin ba.

Yanzu ka buɗe kunnenka, domin abin da zan faɗa maka ba ka san shi ba. Ranar kasuwar Zugurma, da na san ba ka gona, na rufe shago, na sayi ashana a bakin tasha, na shiga motar Maikuɗi direba. Tun daga Kontagora na gama shawara da kaina: tun da hannunka ya ƙi, nawa zai yi. Hayaƙi Baba yake son gani, bai ce sai daga hannun wane ba. Kai ba ka saɓa wa muryar da ka ji ba, ni na sami mijina, in akwai zunubi ya hau kaina. Har daɗi na riƙa ji a mota saboda wannan wayo nawa.

Ban shiga gida ba, na bi ta bayan tunga. Moses, ban taɓa ganin ƙasarmu haka ba. Baƙi ƙirin hagu da dama, ko tsuntsu babu, toka tana cika mini takalmi. Sai can na hango taka, fari-fari a tsakiyar baƙin, kamar an yi wa baƙar riga faci da farin ƙyalle. Rana tana tsaka, iska tana kaɗawa daga bayana zuwa cikin gonar, karan ya bushe ƙayau. Tsinke ɗaya ya isa. Maza sun kai manyan shanu rafi. Bukkokin suna can ƙarshen gona, na ce wa kaina za su ga hayaƙi su gudu, ba wanda zai mutu.

Na tsaya a bakin iyaka, na ciro ashana. Sai ga ni a ƙasa. Allah shaida ban yi niyya ba. Gwiwoyin 'yar Audi ne, sun ga bakin gona, sun ga aiki a hannu, suka yi abin da suka saba. Bakina ma ya fara da kansa: ga hannuna, ga aikin. Nan na maƙale. In naka ne ka sa albarka, wannan ta ƙi fita. Na gwada da Dukanci, na gwada da Hausa, duk ɗaya. Kada ka yi murna, ban ji wata murya ba. Ni ba a yi mini magana yadda aka yi maka ba, ko a nan ma an nuna mini bambanci. Shiru ne kawai, da ƙarar kara a iska. Amma na san ba zan iya roƙon albarka a kan abin da na zo yi ba, kuma tun da nake ban taɓa sa wuta a gona ban roƙa ba.

Da na ɗaga kai sai ga wata dattijuwa tsaye kusa da ni da ƙwarya a kai, Mairama matar Bappa. Ta dubi fuskata, ta dubi ashanar da ke hannuna, ta dubi inda iska ta nufa. Ba ta yi ihu ba, ba ta roƙe ni ba. Cewa kawai ta yi, “Amarya, ki bari mu kwance maruƙa tukuna.”

Sai a lokacin na lura. Igiyar da suke ɗaure maruƙa tana nan cikin kara, kusa da inda nake durƙushe, 'yan maruƙan a jere, ɗaure ta wuya, suna kallona. Su ba za su ga hayaƙi su gudu ba. Yadda ta faɗi maganar ne ya kashe mini jiki, kamar wadda ta saba, kamar wadda tun ranar da suka sauka take jiran mai ashana, tana ma mamakin da ya yi jinkiri. Kuma ta kira ni amarya. Ta san ko ni wace ce, ta san ɗakin wa za a gina da tubalin nan. Ashe har ƙaya suka kewaye shi da ita don kada shanu su tattake.

Na tashi, na kakkaɓe zanena, na juya. Kada ka zaci mun rungume juna muna kuka. Ba ta zama ƙawata ba, ban sha nonon ƙwaryarta ba, har yanzu ban san abin da mutanenta suka sani ko ba su sani ba game da Obed. Abin da na sani kawai, an karɓe aikin daga hannuna, kuma ban ji daɗin karɓewar ba ko kaɗan.

Daga nan gida na nufa. Na tarar da Baba a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanyar Obed, wadda ba mai noma da ita yanzu. Ya tsufa, Moses, cikin damina ɗaya ya tsufa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa inda na fito da abin da na je yi, ban rage komai ba. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na tuhumi mahaifina. Na ce, “Baba, ranar da ka ƙone taka gonar, ka durƙusa?” Ya daɗe yana juya ƙotar a hannunsa, sannan ya jingina ta da rumbu, ya shiga ɗaki ya saki labule. Mama ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba. Na ji kamar na mari tsoho mai makoki, kuma wannan ma a kanka na ɗora shi.

Bai janye maganarsa ba. Ka ga abin da ya faru ranar Lahadi, kana can a bencinka kai kaɗai. Fasto ya karanta sanarwa duka, ta zumuntar mata, ta gyaran rufin majami'a, har ta akuyar da ta ɓata, ya ninke takarda bai ambaci sunanmu ba. Ina layin mawaƙa ina jin idanun mutane a ƙeyata. Na yi waƙa da ƙarfi fiye da kowa, ba don ibada ba, don haushi. Da aka tashi ka biyo ni, na ƙara sauri, na shiga mota ban waiwaya ba. Da na tsaya, da a gaban ikkilisiya duka zan fashe, ban san ko da kuka ko da zagi ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya Maikuɗi ya tsaya a shagona, ya ce ka rame, ya ce ka gaya masa tun da ka ga fuskata ranar Lahadi kake tunanin ko ba ka ji daidai ba, ko ka sallami Bappa ka ba Baba hayaƙinsa a huta. Moses! Yanzu? Bayan ka jawo mini surutun kasuwa, ka sa na tsaya a gaban mahaifina, ka sa an tsallake sunana a gaban jama'a, yanzu ne za ka ce wataƙila? Ashe haushin da na ji a baya wasa ne. Ka ji ni da kyau, ya hasken safiyata, ya mai taurin kaina: in ka sa wa gonar nan wuta saboda ni, kada ka ƙara tako ƙofar shagona. Ba zan kwana a ɗakin da aka gina a kan irin wannan toka ba. Ba zan auri mutumin da Allah ya ce masa tsaya, mace ta ɓata fuska, ya fasa ba. Gobe wani ne zai zare maka ido, ka fasa abin da ka yi mini alkawari a gaban bagade. Wanda na zaɓa a gindin ɗorawa shi ne mai ɗaukar abu da gaske. Shi nake jin haushi, shi kuma nake so, kada ka kawo mini wani.

Kada ka tambaye ni ko na gane. Ban gane ba. Ban ga abin da kara zai gyara ba. Ba zai ta da Obed ba, ba zai kama masu bindiga ba, mai yiwuwa ma ya jawo mana abin da ya fi wannan. Na kuma san kullum shanun nan suna ci, kullum abin ƙonawa yana raguwa, nan gaba kaɗan ko ka so ka ba Baba hayaƙinsa, ba sauran abin da zai kama wuta. Na san abin da nake ce maka ka bari ya wuce. Ban yi maka alkawarin Baba zai sauko ba, ka san shi. Ba kuma zan shiga gidanka ba tare da albarkarsa ba, domin wanda ya hana ka ƙuna shi ne ya ce in girmama mahaifina. Yadda zai haɗa biyun nan ban sani ba, aikinsa ne, shi ya ƙulla. Na faɗa masa haka a addu'a, ba da ladabi sosai ba. Rigar aure kuwa na kafa mata maɓallanta, na ninke ta, na sa a ƙasan akwati.

Wayyo, ina kewarka! Ina kewarka kamar yadda fadama ke kewar ruwa da bazara. Ina kewar muryar nan taka mai kauri da ke ɓata mana waƙa a majami'a, da yadda kake sosa ƙeya in an yabe ka, da warin ƙasa a rigarka. Na so a ce war haka ina zaune a ƙofar ɗakin nan ina tsince wake, ina hango ka kana tahowa da garma a kafaɗa, in yi kamar ban gan ka ba. Wace irin ƙauna ce wannan, da za ta sa mace ta ture ranar aurenta da hannunta? Wa ya aike ni kai kunu gona ranar nan? Me ya hana ni son wani cikin samarin da suke ƙifta ido, da yanzu ina ɗakina ina barcina lafiya?

To, tun da kai kaɗai nake da shi, ga abin da za ka yi. Ka ci abinci, ba na son a ce mini ka rame. Ka daina bin hanyar gona kai kaɗai in rana ta yi sanyi, kabari ɗaya ya ishe ni. Kowace safiya ka je ka gai da Baba, ko ya amsa ko bai amsa ba. In damina ta faɗi kuma, ka ɗauki garmarka ka tafi gonarsa kamar kullum, ko ba a kira ka ba, ko ba saurayi ɗaya da ya bi ka. Ka durƙusa a bakin iyaka inda zai gan ka, ka faɗi addu'arsa da ƙarfi yadda zai ji. Kunyar Obed ba mai ja bana. Ka ja masa, ai ya ja maka a da.

A cikin ƙunshin nan za ka ga ashanar da na saya a tasha. Ka buɗe ka duba, ba tsinken da ya fita. Ka ajiye mini ita a busasshen wuri, can cikin rufin rumbu, inda ruwa ba zai taɓa ta ba, ko damina nawa za ta yi a can. Da ita zan hura wutar farko a murhun gidanka. Kafin ranar, kada ka kuskura ka ƙyasta ko ɗaya.

Taka ce ni, da fushina da komai, ba ta wani ba, har ranar da za a mayar da ni ƙasa,

Alice 'yar Audi.